Yatsan Inna a Bakin Kwalba

Surukata, uwar mijina, shekara ashirin da shida ta yi tana wanke kwalabe, kuma idan ka ce mata mai wanke-wanke sai ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarka ba. Ni na taɓa faɗa ina sabuwar zuwa, ban san dawan garin ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanke-wanke shi ne abin da kike yi wa kofunan gidan nan, Allah ya shirye ki." Tun ranar muke faɗa muna shiryawa, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma har yau Amarya take ce mini, ni da 'ya'ya uku.

Kowa Inna yake ce mata, mu a gida da mutanen wurin aikinta. Wurin aikin ɗakin gwaje-gwaje ne na wata jami'a, a hawa na biyu, can ƙarshen baranda, inda ake binciken ruwa. Da shara ta fara bayan rasuwar mijinta. Wani tsoho da ke kula da kayan gilashin wurin ya gaji da tambayoyinta, ya ce tunda bakinta ba ya hutawa gara hannunta ma ya samu abin yi, ya koya mata aikin. Karatunta bai wuce aji huɗu ba, amma tambaya kam, Allah ya yi mata baiwa, mu kuma ya jarrabe mu. Me ya sa ƙanƙara take tasowa saman ruwa? Me ya sa gindin butar shayi yake yin fari? Ina ruwan da ke jikin wanki yake tafiya idan ya bushe? Ɗanta, maigidana, direban motar kaya ne, shi dabararsa ɗaya: ya ce "Ikon Allah ne, Inna," ya sa takalmi ya fice. Ni ake bari da ita.

Na sha zuwa ɗakin wankin nata, in ta manta makulli ko abincinta. Ɗan ƙarami ne, mutum biyu sai sun yi gefe-gefe. Baho biyu na ƙarfe manne da bango, famfo uku, akwatin busarwa mai zafi, sai kantar ajiya cike da kwalabe masu launin ruwan ƙasa, kowace da lambarta a gindi. Wankin kansa sai ka ga kamar ibada. Sabulu marar ƙanshi, ɗauraya uku da ruwan famfo, a jiƙa a ruwan asid, sannan ɗauraya bakwai da tataccen ruwan da wata na'ura take fitarwa a hankali. Duk wannan da safar hannu ta roba. Idan ta gama, sai ta zare safar hannun dama, ta jiƙa ɗan yatsanta manuni, ta zagaya shi a cikin bakin kwalbar. Idan gilashin ya yi ƙiii, ta fita. Idan ya yi shiru, a koma farko. Tsohon nan ne ya koya mata, ya ce kwalba mai tsabta kuka take yi. Wannan kukan shi ne alfaharinta a duniya, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga tana yi, don wa zai tsaya kallon mai wanki?

To, hannun nan ne ya fara ba ta matsala. Gaɓɓan yatsun suka kumbura, da safe sai ta daɗe kafin ta iya dunƙule su. Wata rana na kama ta a kicin tana ƙoƙarin buɗe gwangwanin madara da haƙori. Na ce sai asibiti, ta ce sai dai bayan ranta. Shugaban ɗakin gwajin, wanda suke ce wa Farfesa, ya daɗe yana maganar kawo injin wanke kwalabe, kuma ta san ranar da ya ga yatsun nan, ranar za a ce ta je ta huta. Ita kuwa hutu a wurinta da kabari duk ɗaya. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, har ɗanta. Na je kemis na sayo man shafawa na ciwon gaɓɓai, irin wanda ake matsowa kamar man goge baki. Kullum da safe, kafin ta fita tarar motar ma'aikata, sai ta shigo ɗakina ta miƙo mini hannuwa, ina shafawa tana cewa ban iya ba. A wurin aiki safar roba tana rufa mata asiri.

Ana cikin haka wata rana ta dawo ko mayafi ba ta cire ba, ta same ni ina guga.

"Amarya, kin san akwai bututun da ba a gani?"

"Inna, in ba a ganinsa, wa ya ce bututu ne?"

"Yauwa! Abin da na tambaye ta ke nan. Ashe kina da kai, ɓoyewa kike yi."

Wadda ta tambaya ɗin wata mai karatun digirin dakta ce, matar aure mai ɗa ɗaya, doguwa, mai tafiya kamar ana binta. Inna tana ce mata Malama. Shekara uku ke nan tana aiki a kan wata baƙar hoda marar nauyi, wadda sai ta rufe hanci da baki ta sa hannu cikin wani akwatin gilashi kafin ta auna ta, don ba a so a shaƙa. Sunan hodar nanotub na kabon. Kabon ɗin, in ji Malama, shi ne sinadarin da ke cikin gawayi, shi ya sa Inna ta raɗa mata gawayin boko. Malama ta nuna mata hoton da wani ƙaton madubin bincike ya ɗauka, sai ga hodar kamar zaren da ya harɗe. Kowane zare bututu ne mai rami a ciki, siririn da sai ka tsaga silin gashi gida dubbai kafin ka kai shi. Malama takan cusa hodar a ɗan bututun gilashi mai tsawon yatsa, ta zuba ruwa ta sama, ya riƙa ɗiga ta ƙasa cikin kwalba. Abin da ke cikin ruwan sai ya manne a jikin zaren, ruwan ya wuce shi kaɗai.

"Kuma wai," in ji Inna, ta ɗaga yatsa, "cokalin shayi ɗaya na hodar, in da za a warware zaren nan a shimfiɗa jikinsu, sai ya rufe tsakar gidanmu. Shi ya sa take kama abu da yawa."

"To me take kamawa? Ai ruwan wurinku ya fi idon jariri haske."

Nan ne abin ya fi burge ta. Dattin da Malama take farauta ba ya canza launin ruwa, ba ya wari, ba shi da ɗanɗano. Ragowar magani ne da ke zuwa koguna daga gidajen mutane, ɗan mitsitsi ƙwarai, misalin ƙwayar sukari ɗaya a tankin ruwan da ke kan rufi. Ido ba ya gani, amma akwai na'ura a ɗakin ciki, mai sanyi, wadda take zana layi a fuskar kwamfuta. In akwai maganin sai layin ya yi tudu, in babu sai ya kwanta. Wata biyu Inna ta yi tana ba mu labarin tankin nan da ƙwayar sukari, har ƙaramar 'yata ta daina yarda da ruwan gidanmu.

Sai aikin Malama ya rikice. Yau ruwan da ya bi ta hodar ya fito tas, gobe layi ya yi tudu, wani lokacin ma tudun ya fi na ruwan da aka zuba ta sama, kamar hodar haihuwar maganin take yi. Ta canza hoda, ta canza bututu, aka kira mai gyara ya kwance na'urar ya ɗaura. Ta ɗebi tataccen ruwa a sabuwar 'yar kwalbar da aka fasa ledarta a gabanta, ta gwada, layi ya kwanta lafiya lau. Ke nan ruwan lafiyarsa ƙalau, na'ura lafiyarta ƙalau, laifin na hoda ne. Wata huɗu ana wannan. Farfesa ya ce ƙarshen wata za a zauna, in ba a gane kan abin ba a ajiye hodar, Malama ta nemi wani aikin ta faro daga farko.

Ɗakin wankin nan Malama take zuwa ta yi kukanta, don nan ne ba mai shiga. Inna takan ba ta kujerar roba ta ci gaba da ɗauraya. Ranar nan, don ta ɗauke mata hankali, sai ta tambaye ta abin da ya daɗe yana mata yawo a kai.

"Wai ni Malama, maganin da mutum ya haɗiye, ta ina yake zuwa kogi?"

Malama ta share ido ta ce wani yana fita ta fitsari, wani kuma mutane ne ke zubar da wanda ya lalace. "Sai na shafawa, Inna. Mutum ya shafa a gwiwa ko a hannu, ya yi wanka, ya bi kwata."

"Har na shafawa?"

"Har shi. Wanda nake bi ɗin nan ma na ciwon gaɓɓai ne, ana sha, ana shafawa."

Inna ta ce mini a lokacin kwalbar da ke hannunta saura kaɗan ta suɓuce. Da Malama ta fita, Inna ta leƙa allon bango inda aka rubuta sunan maganin, ta kwafe shi harafi-harafi a bayan wata takarda, kamar mai zanen fure. Da yamma ta shigo ɗakina ta turo ƙofa, ta ce in ɗauko man nan in karanta mata ƙananan rubutun jikinsa. Na ajiye takardarta kusa da shi. Dogon suna ne, ni kaina ban iya faɗarsa ba, amma haruffan nan goma ba wanda ya bambanta.

Na ce, "Innalillahi! To ai da safa kike aiki."

Ta ɗaga manuninta na dama ta zagaya shi a iska. Sai na tuna kukan kwalba.

Ba zan yi ƙarya in ce na ba ta shawarar kirki ba. Cewa na yi, "Inna, ki daina sa yatsan, shi ke nan. Ruwa zai gyaru, Malama ta yi murna, ke ki ci gaba da aikinki. Wa ya gani, wa ya sani?"

"Ni ma ban sani ba tukuna," in ji ta. "Zato nake yi. Yatsa ɗaya, bayan na wanke hannu, na yi awa biyu cikin safa? Anya? Sai na gani."

Wato ita a wannan halin ma son sani ne ya fi damunta! Ranar Litinin na shafa mata man kamar kullum. Ta wanke kwalabe goma sha biyu, shida ta zagaya musu yatsa, shida ba ta taɓa su ba, ta rubuta lambobinsu gida biyu a bayan takardar nan, ta jera su a kan kantar a cakuɗe. Malama ta zo ta kwashe. Inna ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa jin kunyar kanta irin ta ranar ba, tana miƙa wa baiwar Allah kwalaben da take zargi, ita kuma tana ce mata sannu da ƙoƙari. Ko abincin rana ba ta iya ci ba, haka ta dawo mini da shi.

Ranar Laraba ta shiga ɗakin sanyi da tsumma, wai goge tebur. Ta ce, "Malama, yau waɗanne ne suka yi tudun?" Malama ta karanto lambobi daga littafinta ba tare da ta ɗago ba. Guda shida ne, kuma su ne shidan da ke gefen dama na takardar Inna, ba ƙari ba ragi.

Ta dawo gida fuskarta wani iri, rabi tsoro rabi murna. "Amarya, kin ga ikon Allah? Ɗan yatsan nan! Na'urar nan ta gan ni. Shekara ashirin da shida ba wanda ya san ina taɓa kwalba, ita ta sani."

"To sai ki je ki rungume ta, tunda ta tona miki asiri."

Daga ranar ta bi shawarata, ta daina sa yatsa. Kwana takwas layi yana kwance, kwalba bayan kwalba. Malama ta dawo da dariyarta, har ta kawo wa Inna lemo. Ni kuma na ce alhamdulillahi, an rabu lafiya. Ashe da sauran rina a kaba. Farfesa ya duba littafin ya girgiza kai, ya ce ruwa ba ya tsami banza. Matatar da ta yi wata huɗu tana ƙin aiki, sannan ta yi kwana takwas tana yi, ba tare da an san dalilin wancan ko na wannan ba, ba zai sa hannu a ce mutane su dogara da ita ba. In ba a kawo masa dalili ba zuwa Juma'a, maganarsa tana nan. A baranda ya faɗa, Inna tana jin su ta tagar ɗakin wanki.

Da yammacin Laraba muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce mata Malama yarinya ce, tana da miji, tana da takardu, in ta faɗi nan za ta tashi can. Ita fa? Ranar da ta zauna a gida wata biyu ba za ta yi ba sai ta kwanta ciwo, ni na san halinta. Na ce, "Inna, mutanen nan ko sunanki na gaskiya ba su sani ba. Za ki ba da hannunki saboda hodar gawayi?" Har kuka na yi, don haushi da tsoro. Gaskiya ina son tsohuwar nan, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba, kar kanta ya ƙara girma.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Hodar nan ba ta yi laifi ba, Amarya. Aikinta take yi tun farko. Ni nake bin bayanta ina zuba abin da ta kwashe. In na yi shiru za a rubuta a littafi cewa ba ta aiki, wani ya zo ya karanta ya yarda. Ƙarya ke nan, kuma da yatsana aka rubuta ta." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ina so in ga abu ɗaya da idona, ba zan gani ba sai na faɗa."

Ranar Alhamis na ce ƙafata ƙafarta. Na bar wa maƙwabciya yara, muka hau motar tare. Ofishin Farfesa cike yake da takardu har kan kujeru, sai da ya kwashe wasu muka zauna. Mutum ne gajere mai furfura, tabarau a goshi, wani kuma a ido. Ya aika aka kira Malama. Inna ta ajiye man shafawar a kan tebur, ta ajiye takardar lambobi, sannan ta fito da hannuwanta daga cikin mayafi ta shimfiɗa su kusa da su. A hasken tagar nan ni kaina sai da na kau da kai, yatsun duk sun karkace. Ta faɗi komai daki-daki, tun daga tsohon da ya koya mata kukan kwalba har zuwa shida da shida.

Malama ce ta fara magana. "Inna, ina zuwa ɗakinki ina kuka. Sati biyu kin sani?"

"Kwana takwas na sani, kafin nan zato nake yi. Tsoro ne ya riƙe ni, Malama. Ki yafe mini."

Malama ta juya mana baya ta fuskanci taga. Na so in ce wani abu, Inna ta taka mini ƙafa. Shi kuwa Farfesa ko kallonmu ba ya yi, ya jawo littafin Malama yana bin lambobi da biro, ɗaya a takarda, ɗaya a littafi. Da ya kai ta goma sha biyu ya sauko da tabaran goshin ya ɗora a kan na idon, sai da ya ga bai gani sannan ya cire ɗaya.

"Inna, wa ya ce ki raba su shida-shida, kuma ki cakuɗa su a kan kantar?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. In na taɓa duka, da me zan gwada? In kuma na jera su gefe ɗaya, sai in ce ko kantar ce."

Ya juya wurin Malama. "Kin ji? Ke da kika gwada tataccen ruwanki, a wace kwalba kika zuba shi?"

"A sabuwa," in ji ta a hankali.

"Ruwan da ya fito daga hodar fa?"

"A na Inna." Ta dafe kai. "Ban taɓa zuba tataccen ruwa a kwalbar Inna na gwada ba. Wata huɗu! Na zargi hoda, na zargi na'ura, na zargi kaina. Kwalabenta ne kaɗai ban taɓa zarga ba, don ban taɓa ganin ɗigo a jikinsu ba."

"Ni ma ban ce ki gwada ba," in ji Farfesa. "Laifin namu ne mu uku."

Nan Inna ta gyara zama ta ce tana da roƙo. Ni na ɗauka aikinta za ta roƙa, har na fara jin sanyi a raina. Ina! Cewa ta yi a ɗauko kwalba ta taɓa ta a gabansu, a cika ta da tataccen ruwa, rabi a kai wa na'ura haka nan, rabi a bi da shi ta cikin hodar. Tana so ta ga ko gawayin bokon nan zai iya cire ta daga cikin ruwa.

Haka aka yi. Ta zagaya yatsan, kwalba ta yi ƙiii, karo na farko da wani a wurin ya ji. Farfesa har da cewa ta sake. Muka zauna a ɗakin sanyi muna kallon ruwa yana ɗiga ta cikin baƙar hodar, ɗis, ɗis, ni ina rawar ɗari, ita ko ƙifta ido ba ta yi. Sai bayan azahar na'urar ta gama. Layin farko ya taho a kwance, ya taho, sai ya miƙe ya yi tudu mai tsini.

"Ga ki nan, Inna," in ji Malama.

Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Ni ce wannan? Kai! Ashe ina da tsawo."

Layi na biyu ya taho, ya iso daidai wurin, ya wuce a kwance abinsa. Malama ta rufe baki da hannu biyu, hawaye na zuba, sannan ta sunkuya ta rungume Inna ta baya. Ita kuwa tsohuwar ko a jikinta, idonta yana kan layin.

"To ina na tafi?"

"Kina cikin hodar, manne da zaren."

"In hodar ta ƙoshi fa? Sai ta fara amayo ni?"

Malama ta dubi Farfesa, Farfesa ya dubi rufin ɗakin. Ya ce wannan ita ce tambayar da za ta ci musu shekara mai zuwa, a rubuta ta a allo kafin a manta.

Aikin Malama ya tsira. Na Inna bai tsira ba. Farfesa ya sa aka kai ta wurin likitan jami'ar, likita ya ce yatsun nan ba za su ƙara riƙe jiƙaƙƙen gilashi a kan bahon asid ba, kuma ni kaina na san gaskiya ya faɗa, ko da yake sai da na yi masa kallon banza. Aka bar ta zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Injin ya iso a satin ƙarshe, wani ƙaton farin akwati, ta tsaya a kan masu haɗa shi tana tambayarsu ta ina ruwa yake shiga, ta ina yake fita, ta yaya yake sanin kwalba ta fita tunda ba shi da kunne. Ɗanta sai a lokacin ya ji labarin hannun, ya yi fushi da mu biyun, na ce ya je ya tambayi ikon Allah.

Litinin ɗin farko bayan ta bar aiki, ƙarfe shida da rabi na fito na same ta zaune a bakin gadonta, ta yi wanka, ta sa kayan fita, har jakarta tana kan cinya. Muka ji motar ma'aikata ta tsaya a bakin titi, ta yi hon sau biyu kamar yadda ta saba, ta jira kaɗan, ta wuce. Inna ta ajiye jakar a gefe ta miƙo mini hannuwa. Na shafa man a hankali, yatsa bayan yatsa, da na zo kan manunin nan na dama sai hawaye ya ƙwace mini. Yau ba ta ce ban iya ba.

Na tashi na nufi famfon tsakar gida zan wanke hannuna, sai na ji muryarta a bayana.

"Tsaya, Amarya. Ruwan da za ki wanke man nan da shi, ina zai je?"

"Kwata, Inna."

"Daga kwata fa?"

"Babbar kwatar bakin titi."

"Daga nan fa?"

Na tsaya da hannuwa a sama, maiƙo yana ƙyalli, na ce wallahi ban sani ba.

Ta miƙe tana laluben takalminta da ƙafa. "Goge hannun da takarda tukuna. Sannan ki ɗauko mayafinki mu bi kwatar nan mu ga inda ta tsaya. Ai yau ba ni da wurin zuwa."